Yadda Ake Sa wa Naushin Kusa Nauyi a Salon 'Yan Rasha

Duk wanda ya taɓa shiga fili ya san wannan lokacin. Abokin karawa ya matso har kuna jin hucin juna, goshinsa na gogar kafaɗarka, tsakanin hannunka da haƙarƙarinsa bai wuce taki ɗaya ba. A nan ne naushin mutane da yawa ke mutuwa. Wanda ya saba janyo hannu can baya ya sako shi, kamar yadda ɗan dambenmu ke sako hannun da aka ɗaure da kara daga nesa, sai ya tarar babu wurin janyowa. Ƙarshenta ko ya ture mutum kawai, ko ya ɗan ƙwanƙwasa shi kamar mai sallama a bakin ƙofa.

Amma ka samu lokaci ka kalli wasannin Artur Beterbiev, ɗan damben nan haifaffen Khasavyurt a yankin Dagestan na ƙasar Rasha. Wasanninsa 20 na farko a matsayin ƙwararre duk ya gama su kafin ƙarewar lokaci, sai a watan Oktoba na 2024 da ya haɗu da Dmitry Bivol a Riyad ne aka kai ƙarshen turmi na 12. Abin da zai ba ka mamaki shi ne ƙanƙantar tafiyar hannunsa. Sau da yawa ba za ka ga naushin ba ma, sai dai ka ga gwiwar mutum ta saki. Wannan nauyin ana koyonsa, kuma 'yan Rasha sun daɗe suna koyar da shi ta hanyoyi da dama.

Idan na ce salon 'yan Rasha, ba abu guda nake nufi ba. Akwai tsohon damben gargajiyarsu, wanda ake yi musamman a makon Maslenitsa, bikinsu na ƙarshen hunturu, wani lokaci a kan kogin da ya daskare: jerin maza kafaɗa da kafaɗa su fuskanci wani jerin, abin da suke kira bango da bango. A irin wannan cunkoso ba wanda ke da sararin wurga hannu, kuma suna da ƙa'idar cewa ba a dukan wanda ya faɗi. Sarki Nikolas na ɗaya ya haramta shi a 1832, amma bai mutu ba. Akwai Sambo, wani salon kokawa wanda sunansa taƙaitawa ne na kalmomin Rashanci masu ma'anar kare kai ba tare da makami ba, gwamnatin Sobiyet ta amince da shi a matsayin wasa a ranar 16 ga Nuwamba, 1938. Reshensa na faɗa ya halatta naushi, kuma daga cikinsa zakarun faɗan da ke haɗa dambe da kokawa (MMA) Fedor Emelianenko da Khabib Nurmagomedov suka fito. Akwai makarantar damben zamani ta Sobiyet. Sannan akwai Sistema, hanyar koyon faɗa da kare kai wadda Mikhail Ryabko ya koyar a Mosko, ɗalibinsa Vladimir Vasiliev kuma ya buɗe mata makaranta a Toronto ta Kanada a 1993, da kuma tsarin Aleksey Kadochnikov na Krasnodar wanda ya dogara da ilimin yadda nauyi da gaɓoɓi ke aiki. Atisayen da zan kawo mafi yawansu daga Sistema suke, amma ma'aunin da zan auna su da shi na dambe ne da Sambo, domin a can ne ake dukan wanda shi ma yake son dukanka.

Kafin mu shiga aiki, ka riƙe lissafi guda. Hannun mutum tun daga kafaɗa har yatsu bai wuce kusan kashi 5 cikin 100 na nauyin jikinsa ba. Mai kilo 70, hannunsa kilo uku da rabi ne. Daga nesa wannan ɗan nauyin yana samun hanyar da zai ɗauki gudu, shi ya sa naushin hannu zalla kan yi zafi. A kusa babu hanyar, don haka dole nauyin ya ƙaru, kuma ba inda zai fito sai sauran jiki. Wani bincike da wani masani mai suna Filimonov da abokan aikinsa suka yi kan 'yan damben Sobiyet, wanda aka buga a 1985, ya nuna cewa a wurin gwanaye kusan kashi 38 na ƙarfin naushi daga turin ƙafa yake, kusan 37 daga juyin gangar jiki, hannu kuwa kusan 24 kawai; ƙananan 'yan wasa su ne suka fi dogara da hannu. A kan miƙaƙƙen naushi aka yi wannan awon, amma darasinsa ya fi tsanani idan an matso kusa.

Mataki na farko: ka gina dunƙulen da zai iya ɗaukar kaya

Mutane kan yi gaggawar tsallake wannan, ni kuwa a nan nake so ka fi daɗewa. Jikinka ba zai yarda ya zuba nauyinsa a kan wuyan hannun da ya san zai lanƙwashe ba. Kafin ka sani, ƙwaƙwalwa ta taka birki, naushin ya fita rabi. Ni da kaina na yi makonni ina jinyar wuyan hannu saboda na fara dukan buhu mai tauri kafin in koyi wannan, kuma bayan na warke na daɗe hannun yana jin tsoron buhun.

Ka naɗe yatsu huɗu tun daga kan su, ka kwantar da su cikin tafin hannu, babban yatsa ya rufe na farko da na biyu daga waje. Bayan hannunka da damtsenka, wato daga wuyan hannu zuwa gwiwar hannu, su zama layi ɗaya, yadda idan aka ɗora rula a kai za ta kwanta ba tare da ta yi rawa ba. Wurin saduwa shi ne ƙasusuwan tushen yatsan nuni da na tsakiya. Ka kiyayi sauka a kan gefen ƙaramin yatsa, domin ƙashin da ke bayansa shi ne wanda ya fi karyewa a hannun masu naushi, har likitoci suna kiran wannan karayar da sunan 'yan dambe.

Matsewar kuma tana da iyaka. Masu Sistema suna cewa dunƙule ya zama cikakke mai nauyi, amma matsewar ta tsaya a wuyan hannu, kada ta hau zuwa gwiwar hannu da kafaɗa. Gwada yanzu: matse hannun dama iya ƙarfinka, ka taɓa kafaɗarka da hagu. Za ka ji ta yi tauri. Sassauta kaɗan-kaɗan har ka ji kafaɗar ta saki amma yatsun suna nan a rufe. Wannan matsayin kake nema.

Sai ka sauka ƙasa. Ka dogara da dunƙule biyu a kan tabarma ko darduma, jiki a miƙe kamar katako, ka tsaya haka daƙiƙa 30 kana numfashi ba tare da ka riƙe shi ba. Idan ya yi wuya, ka sa gwiwoyi a ƙasa. Bayan mako guda ko biyu sai ka fara sauka da tashi a hankali ƙwarai: ƙirga 10 kana sauka, ƙirga 10 kana tashi, daga baya ka kai 20. Wannan jinkirin sananne ne a Sistema, kuma amfaninsa shi ne yana tona asirin inda kake ɓoye ɗaurewa. Za ka ji wuyanka ya sandare, ko haƙoranka sun cije, ko bayanka ya lotsa. Duk inda ka ji, ka huro iska ka sake shi, ka bar nauyin ya gangara cikin dunƙulen ya shige ƙasa. Sau uku masu kyau sun fi talatin na hanzari. Kada ka fara a kan siminti, fata za ta saɓule kafin ƙashi ya koyi komai.

Mataki na biyu: tsayuwa

Wannan gajere ne. Ƙafafu su buɗe daidai faɗin kafaɗa, ɗaya ta ɗan shige gaba, gwiwoyi a sake. Baya a miƙe, kai a saman ƙugu, haɓa a ɗan sunkuye. Kuskuren da aka fi yi a kusa shi ne mutum ya karye daga kwankwaso ya jingina da abokin karawa, ɗuwawu a baya. Wanda ya yi haka ya raba jikinsa gida biyu, ƙarfin ƙafarsa ba zai taɓa isowa hannu ba. Idan kana son yin ƙasa, gwiwa ce za ta sauke ka. Gwiwar hannu kuma ta zauna kusa da haƙarƙarinka, domin a nan take da jiki a bayanta.

Mataki na uku: ɗora ka tura

Nan ne zuciyar koyarwar, kuma ana buƙatar mutum biyu. Abokinka ya tsaya a sake. Ka ɗora dunƙulenka a kan tsokar ƙirjinsa ta dama ko a gefen cikinsa, ka nemi wurin da ƙasusuwan nan biyu suka zauna daram ba zamewa. Kada ka yi naushi. Ka tura shi a hankali har ya ɗaga ƙafa ya ja baya.

Yanzu ka tambayi kanka daga ina turin ya fito. Karon farko kusan kowa da kafaɗa yake yi: za ka ga ta ɗago zuwa kunne, kai ya leƙa gaba, mutum ya kife a kan abokinsa. Gwajin mai sauƙi ne. Ka ce wa abokin ya goce ba zato a tsakiyar turin. Idan ka yi tangaɗi gaba, jingina kake yi. Idan ka tsaya a inda kake, turin daga ƙasa yake.

Ka sake ɗorawa. Wannan karon ka manta da hannun gaba ɗaya, ka ɗauke shi tamkar sanda da aka kafa tsakanin ƙugunka da jikinsa. Ka danna tafin ƙafar baya a ƙasa, ka bar ƙugun ɓangaren hannun ya matsa gaba kamar faɗin yatsu huɗu. Za ka ga abokin ya tafi, kai kuwa ba ka ji ka yi wani aiki ba. Wannan rashin jin aikin shi ne alamar ka dace. Yawancinmu mun saba auna ƙarfi da yadda tsokarmu ta ɗaure, alhali ɗaurewar da kake ji a kafaɗarka ƙarfi ne da ya maƙale a jikinka bai isa ga wancan ba.

Ka zagaya shi kana yin haka a wurare daban-daban: kafaɗa, allon baya, cinya, gefen ciki. Ka tura sama, ka tura ƙasa, ka tura a karkace. Kowane wuri yana da kusurwar da dunƙule ke zama a kansa, wani a tsaye babban yatsa na sama, wani a kwance, wani tafin hannu na kallon sama. Hannunka zai koyi karanta jikin mutum kamar yadda hannun mai gyaran targaɗe ke yi. Abokin kuma ya riƙa faɗa maka gaskiya: wannan a fata ya tsaya, wannan ya shiga, wannan ya taɓa ƙafafuna. Ka ba wannan atisayen minti 10 a kowane zama, ko bayan ka ƙware. Ban san wani abu da ya fi shi gyara naushin kusa ba.

Mataki na huɗu: numfashi da sakin kafaɗa

Ƙa'idar Sistema ita ce shaƙa ta hanci, fitarwa ta baki, kuma numfashi ba ya tsayawa. Wanda ya riƙe numfashi ƙirjinsa zai ƙulle, kafaɗa ta bi. Ka fara fitar da iskar gab da motsin, naushin ya hau kanta ya tafi, gajeriyar huci kamar mai hure ƙura daga tafin hannu.

Domin kafaɗar ta san mene ne saki, ka miƙa hannu gaba abokinka ya tallafe shi daga gwiwa. Ka bar masa nauyin duka. Ya saki ba tare da ya faɗa maka ba. Idan hannun ya tsaya a sama ko na ƙiftawar ido ne, kai ne ke riƙe da shi. Ku maimaita har ya riƙa faɗuwa kamar jiƙaƙƙen tsumma. Daga nan sai ka rufe dunƙule ku sake, hannun ya faɗi a kan tafin abokin. Zai gaya maka yadda ya ji nauyinsa, alhali ba ka sa ƙarfi ko kaɗan ba.

Ka tuna mace mai daka. Ba ta danna taɓarya cikin turmi da tsokar kafaɗa, da ta gaji kafin gero ya fashe. Tana ɗagawa, ta sako ta tare da ɗan saukar gwiwa da baya, hannunta na yi mata jagora kawai, iskar bakinta na fita tare da kowane bugu. Duk wanda ya taso yana jin wannan sautin da safe ya riga ya san abin da Rashawa ke nufi da hannu mai nauyi.

Mataki na biyar: daga turi zuwa naushi

Bambancin turi da naushi lokaci ne. Turi yana ba da nauyin a hankali, jikin mutum ya samu damar tafiya da shi. Naushi yana ba da shi gaba ɗaya kafin jikin ya motsa, sai ya shige ciki. Saboda haka abin da za ka yi yanzu shi ne ka riƙa gajarta lokacin turin nan na mataki na uku ba tare da ka canza siffarsa ba.

A nan a koma kan buhun naushi, ko matashi mai kauri da abokinka zai rungume a ƙirji. Ka naɗe hannu da bandeji. Ɗora dunƙule a jikin buhun, ka yi turin cikin daƙiƙa biyu, sannan ɗaya, sannan rabi. Sai ka janye hannun faɗin yatsu biyu ka sake. Sai faɗin tafin hannu. Sai taki ɗaya. Kada ka wuce nan. Sharaɗin da ba a karyawa shi ne hannu ba ya komawa baya kafin ya tafi gaba. Ka sa abokinka ya ajiye tafinsa a bayan gwiwar hannunka. Duk lokacin da ka taɓa shi kafin naushin, ka yi satar hanya, kuma a fili wannan ɗan janyewar ita ce ke sanar da abokin karawa abin da ke zuwa.

Injin da ke bayan naushin iri uku ne, kuma gara ka koye su ɗaya bayan ɗaya kafin ka haɗa.

Na farko faɗuwa. Ka saki gwiwoyinka farat ɗaya kamar an zare maka kujera, jiki ya sauka faɗin yatsu uku, dunƙulen ya isa buhun daidai lokacin da nauyin ke kan hanyarsa ta sauka. Idan ƙafarka ta riga ta karɓe nauyin kafin hannun ya isa, ƙasa ce ta sha naushin. Wannan daidaita lokacin shi ne mafi wuya a duk abin da na rubuta, kuma zai ɗauke ka makonni. Ranar da ka same shi za ka ji a sautin buhun: maimakon tas sai ka ji dum, buhun ya lotsa a wurin maimakon ya yi lilo.

Na biyu juyi. Diddigen ɓangaren da ke naushi ya ɗan ɗago ya juya waje, ƙugu ya bi, haƙarƙari ya bi, gwiwar hannu tana manne da jiki har zuwa ƙarshe. Juyin ƙarami ne. Idan maɓallin rigarka ya kalli gefe gaba ɗaya, ka yi yawa. Da wannan ake yin naushin gefe zuwa kwiɓi, wanda tsofaffin 'yan damben Rasha ke kira pod mikitki, wato ƙarƙashin haƙarƙari. Damtse ya kasance a kan layin da naushin ke bi, gwiwar hannu a bayan dunƙule sak. Da zarar gwiwar ta kauce daga layin, wuyan hannu ne zai biya.

Na uku tashi. Ka sauka kaɗan, ka tura ƙasa da ƙafa, ƙugu ya shiga ƙarƙashin gwiwar hannu, dunƙulen ya hau sama tafin hannu na kallonka. Hannun kansa kusan ba ya buɗewa, ƙafa ce ke ɗaga shi. Masu koyo kan sauke hannu zuwa cinya domin su ɗebo ƙarfi, su bar fuska a buɗe. Babu buƙata.

Masu Sistema suna ƙara wani abu da suke kira igiyar ruwa, inda motsi ke tashi daga ƙafa ya bi gaɓa bayan gaɓa kamar bulala. Yana da amfani wajen koyon saki, kuma ana fara shi da girma a hankali. Ra'ayina dai shi ne kada ka zauna a kan babbar siffar. A taki ɗaya babu lokacin da za ka yi rausaya, dole igiyar ta ƙanƙance har mai kallo ya kasa ganinta.

Game da zurfi: ka nufi bayan fatar buhun da kamar faɗin tafin hannu, a nan naushin zai ƙare. Da ya isa, ka bar hannun ya saki nan take ya dawo gadin fuska, ko ya wuce zuwa naushi na gaba daga inda yake. Wanda ya bar hannu a manne yana ƙara dannawa ya koma turi.

Mataki na shida: samar wa kanka taki ɗayan

A buhu tazarar tana jiranka. A jikin mutum kai za ka ƙirƙire ta, domin wanda ya matso zai rungume ka ne ko ya danne hannuwanka. Hanya mafi sauƙi ita ce ka ɗan bangaje shi da kafaɗar gaba, ƙirjinsa ya ja baya kaɗan, hannun baya ya shiga cikin wannan ramin kafin ya rufe. Wata hanyar, ka zame ƙafar baya rabin taku zuwa gefe, sai ka samu kusurwa kuma nauyinka ya riga ya hau ƙafar da za ta tura.

'Yan Sambo suna da tasu dabarar, saboda suna sanye da riga mai kauri da ake kira kurtka, kuma doka ta yarda a riƙe ta. Hannu ɗaya ya kama wuyan rigar ko hannunta ya fizgo, ɗayan ya tarye shi da naushi. Gudun mutumin da naka sun haɗu, ga shi kuma fizgar da kanta tana juya maka ƙugu. Ka gwada da tsohuwar riga mai ƙarfi da matashi a ƙirjin abokinka, a hankali tukuna. A damben zamani riƙe mutum ana dukansa laifi ne, don haka ka san dokar filin da za ka shiga.

Mataki na bakwai: wanda ake duka

A Sistema ana koyon karɓar naushi tare da koyon bayarwa, kuma ina ganin hikima ce, domin wanda ya san ɗanɗanon abin ba ya wasa da shi. Mai karɓa ya tsaya a miƙe, baki a ɗan buɗe, ya huro iska daidai lokacin saduwa, sannan ya bi da gajerun numfashi masu sauri, hanci da baki, har zafin ya wuce. A fara da kashi ɗaya cikin goma na ƙarfi, a kan tsokar ciki kawai, kuma mai karɓa ne ke cewa a ƙara ko a tsaya.

Akwai wuraren da ba a taɓawa a atisaye ko da wasa: maƙogwaro, ƙeya, gadon baya, da kai. Kada a doki tsakiyar ƙirji ko ɓangaren hagunsa da ƙarfi, domin bugu a saitin zuciya, idan ya dace da wani ɗan lokaci a cikin bugawarta, yana iya rikita ta har ta tsaya, kuma ya fi faruwa ga yara da matasa. Hanta tana ƙarƙashin haƙarƙarin dama, saifa tana hagu. Wannan na saifa ya shafe mu kai tsaye: zazzaɓin cizon sauro da ake yawan yi yana kumbura ta, kumburarriyar saifa kuwa tana iya fashewa da bugun da bai kai ya kawo ba, jini ya zuba a ciki ba a gani. Wanda bai daɗe da tashi daga zazzaɓi ba, ko mai sikila, ko wanda aka taɓa ce masa saifarsa ta kumbura, kada ya tsaya a doke shi a ciki sai likita ya duba shi. Idan bayan atisaye wani ya ji ciwo a hagun cikinsa yana harbawa zuwa kafaɗar hagu, ko jiri, ko zufa mai sanyi, asibiti za a nufa a lokacin, ba a jira safiya ba. Cikakken ƙarfi na buhu ne da matashi.

Ƙarfin jiki da gwaji na gaskiya

Saki ba ya nufin rauni. Rashawa suna da girya, dunƙulen ƙarfe mai mariƙi, wanda bisa al'ada ake aunawa da pud, kimanin kilo 16. Shi ya sa ake samunsa a kilo 16 da 24 da 32. Lilo da shi tsakanin ƙafafu zuwa saitin ƙirji yana koya wa ƙugu ya harba farat ɗaya hannu na sake, wato ainihin abin da naushin kusa ke so. Idan babu, jarka mai mariƙi da aka cika da yashi za ta yi. Ka haɗa da tsugunne-tashi da jefa ƙwallo mai nauyi a bango daga ƙirji ba tare da janye hannu ba.

Zan faɗi wani abu da ke damuna, domin ina ƙaunar wannan fanni. Intanet cike take da bidiyon da malami ke taɓa ɗalibi da yatsa ya zube, wani ma ba a taɓa shi ba. Kada ka auna kanka da wannan. Ɗalibin da ya tsaya cak yana jira, yana kuma girmama malaminsa, ba ma'auni ba ne. Atisayen Sistema na sannu suna gyara jiki ƙwarai, amma sai an kai su inda ake gardama. Bayan wata biyu ko uku, ku sa safar dambe da robar haƙora, ku tsaya ƙafar gabanku na taɓa juna, ku yi turmi na minti biyu, naushin jiki kawai, da rabin ƙarfi, ba mai ja da baya. A nan za ka ga ko kafaɗarka na nan a sake lokacin da ake dukanka. Galibi karon farko za ta ɗaure, numfashi ya tsaya, hannu ya koma janyewa baya. Sai ka lura da wanne ne ya fara lalacewa, ka koma matakinsa a zama na gaba.

Zama uku a mako ya isa. Minti 5 a kan dunƙule a ƙasa, minti 10 na ɗora ka tura, minti 5 na sakin hannu da numfashi, sannan turmi 4 na minti biyu-biyu a buhu, kowane turmi da injinsa guda, na huɗun a haɗa su. Girya ta zo a ƙarshe, sau biyu a mako. Idan wuyan hannu ko tushen yatsu ya yi ciwon da ya kwana biyu bai tafi ba, ka ajiye buhun, ka ci gaba da turi da numfashi har ya lafa.